Yadda ake gasa burodi mai laushi a gida

Kayan haɗin burodi na asali guda huɗu ne kawai: fulawa, ruwa, gishiri da yis. Duk da haka, mutane da yawa da suka ƙware a girki iri-iri sukan ja da baya idan aka zo batun gasa shi a gida, galibi saboda sun taɓa gwadawa ya fito da nauyi kamar bulo, ko kuma ya ƙi tashi sam. A iya abin da na lura da shi, yawancin burodin da ya lalace a gida ta hanyoyi biyu yake lalacewa. Ko dai an yi ta barbaɗa fulawa a kan kwaɓin saboda yana manne wa hannu har ya yi tauri, ko kuma an bi agogo an kai shi wuta alhali bai gama tashi ba. Bayanin nan zai bi aikin tun daga awo har zuwa ajiya, tare da faɗin dalilin kowane mataki, domin wanda ya san dalili zai iya gyara kwaɓinsa da kansa ranar da yanayi ya sauya ko aka sami wata fulawa dabam.

Awo da zaɓen kaya

Domin burodi guda mai matsakaicin girma, ana buƙatar fulawa giram 500, ruwa mai ɗumi mililita 320, gishiri giram 10, busasshen yis giram 7, sukari giram 25, da mai ko bota giram 30. Ga wanda ba shi da sikeli, gishirin ya kai kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu, yis ɗin cokalin shayi biyu da 'yan kai, sukari da mai kuwa babban cokali biyu-biyu. Sai kuma gwangwanin gashi mai tsawon kimanin santimita 23 da faɗin santimita 13, babbar roba ko kwano, da tsaftataccen ƙyalle ko leda ta rufewa.

Ina matuƙar ba da shawarar a mallaki ƙaramin sikelin kicin, domin awon fulawa da kofi ba shi da tabbas. Kofi ɗaya yana iya ɗaukar giram 120 idan an zuba fulawar a sake, yana kuma iya ɗaukar giram 150 idan an kamfato ta an danna. A cikin kofi huɗu, wannan bambanci ya haura giram 100, wato ya isa ya mayar da kwaɓi mai laushi ya zama busasshe. Masu sana'ar burodi suna auna komai ne gwargwadon nauyin fulawa: ruwa kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na fulawar, gishiri kashi 2, busasshen yis kashi 1 zuwa 1.5. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai iya ninka haɗin ko ya rage shi ba tare da ya koma neman wani sabon bayani ba.

Fulawa ma iri-iri ce, kuma abin da ya raba su shi ne yawan furotin. A cikin alkama akwai furotin iri biyu, gulutenin da giliyadin, waɗanda suke haɗuwa da zarar sun sha ruwa su zama wani danƙo da ake kira gulutin. Wannan danƙo shi ne yake riƙe iskar da yis yake fitarwa, kamar yadda balan-balan take riƙe iska. Fulawar burodi tana da furotin kashi 12 zuwa 14, ta gama-gari tana da kashi 10 zuwa 12, ta kek kuwa ba ta cika wuce kashi 9 ba. Ana iya duba wannan a jikin leda, inda ake rubuta yawan furotin a kowane giram 100. Fulawar gama-gari tana yin burodi mai kyau, sai dai ba ta shan ruwa kamar ta burodi, don haka a rage kimanin mililita 15 daga ruwan idan da ita za a yi. Fulawar kek kuwa a bar ta ga kek.

Shi yis halitta ne mai rai, ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, suna cin sukari, har da wanda yake fitowa daga sitacin fulawa, suna fitar da iskar kabon. Mutanen Masar na dā sun yi dubban shekaru suna gasa burodi mai tashi ba tare da sun san abin da yake kumbura shi ba, sai a tsakiyar ƙarni na 19 masanin Faransa Louis Pasteur ya tabbatar da cewa ƙwayoyi masu rai ne suke wannan aiki. Amfanin sanin haka a kicin shi ne a riƙa kula da yis kamar yadda ake kula da duk abu mai rai: sanyi yana sa shi kasala, ɗumi yana zaburar da shi, zafin da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos kuwa yana kashe shi. Saboda haka ruwan kwaɓi ya kasance tsakanin digiri 35 da 38, wato ɗumin jikin mutum. Idan aka tsoma yatsa aka ji ruwan ba sanyi ba zafi, to ya yi daidai. Idan har ana jin zafinsa a fata, a surka shi.

Haɗawa da murzawa

Mataki na farko shi ne gwada yis, musamman idan an daɗe da buɗe ledarsa. A ɗebi rabin kofi daga ruwan da aka auna, a zuba cokalin shayi ɗaya na sukarin, a barbaɗa yis ɗin a juya, a ajiye minti 10. Idan kumfa ta taso a sama kuma ana jin ƙamshinsa, yis yana da rai. Idan ruwan ya tsaya shiru babu alamar komai, a zubar a nemo wani, domin babu dabarar da za ta tayar da kwaɓin da aka yi da mataccen yis. Wanda aka rubuta a jikinsa cewa na nan take ne ana iya zuba shi kai tsaye cikin fulawa, amma gwajin minti 10 ya fi asarar rabin kilo na fulawa sauƙi.

A cikin babbar robar, a gauraya fulawa da gishiri da sauran sukarin sosai kafin a zuba komai mai ruwa. Dalili shi ne gishiri yana janye ruwa daga jikin yis idan suka haɗu kai tsaye da yawa, amma idan ya watsu cikin fulawa ba ya yi masa lahani. Kada a cire gishirin gaba ɗaya da nufin taimakon yis, domin shi ne yake ƙarfafa danƙon, yake daidaita saurin tashin, kuma burodin da babu gishiri lami yake fitowa ko da an yi komai daidai. Daga nan a yi rami a tsakiya, a zuba ruwan yis da sauran ruwan da mai, a juya da cokalin katako ko da hannu har sai babu sauran busasshiyar fulawa a gindin robar. A wannan lokaci kwaɓin zai kasance cakwal-cakwal, mai gudaje, yana manne wa yatsu. Haka ake so ya kasance.

A rufe shi a ba shi hutun minti 20. Wannan hutu yana cikin abubuwan da suka fi sauƙaƙa aikin, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Farfesa Raymond Calvel, malamin burodi ɗan Faransa, shi ne ya yaɗa dabarar barin fulawa da ruwa su huta kafin murza, bayan ya lura cewa fulawa tana ci gaba da shan ruwa, danƙon kuma yana fara haɗuwa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Shi yakan jinkirta gishiri da yis sai bayan hutun, amma a gida ko an riga an zuba su ana cin gajiyar abin. Bayan minti 20 za a tarar kwaɓin ya rage mannewa ƙwarai, kuma buƙatar ƙara fulawa ta ragu.

Yanzu sai murza, kuma a nan ne ake buƙatar haƙuri. A shafa ɗan mai a kan tebur mai tsafta da kuma tafin hannu, a juye kwaɓin a kai. Na fi son mai maimakon barbaɗen fulawa, domin mai yana hana mannewa ba tare da ya sauya awon ba. A sa gindin tafin hannu a tura kwaɓin gaba, a naɗo shi ya dawo kan kansa, a juya shi kaɗan, a sake turawa. A ci gaba da haka minti 8 zuwa 10 ba tare da gaggawa ba. A mintuna uku na farko zai riƙa manne wa hannu da tebur, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara fulawa. A daure. A kankare abin da ya manne da gefen cokali ko da ƙaramin faranti a mayar cikin kwaɓin. Wajen minti na shida za a ji ya fara sauyawa a hannu, yana tattaruwa wuri ɗaya, bayansa yana yin sumul, kuma idan an tura shi yana ƙoƙarin dawowa. Idan bayan minti biyar cur har yanzu yana malalewa kamar kunu, sai a ƙara fulawa cokali ɗaya, a murza minti ɗaya a gani kafin a ƙara wani. Idan da bota ake yi, a bari sai an yi rabin murzar sannan a saka ta da laushinta. Kwaɓin zai rabu ya yi santsi kamar ya lalace, amma cikin minti biyu zai shanye ta ya koma daidai.

Hanyar gane an murza isasshe ita ce a gutsuri ɗan kwaɓi kamar girman ƙwai, a riƙa ja da yatsu a hankali ta kowane gefe. Idan ya miƙe ya yi shara-shara har haske yana ratsa shi kafin ya yage, danƙon ya haɗu. Idan ya tsinke nan da nan, a ƙara minti biyu ko uku. Da hannu da wuya a murza kwaɓi fiye da kima, domin mutum zai gaji kafin kwaɓin ya gaji. Da injin kwaɓi kuwa minti 6 zuwa 7 a matsakaicin gudu sun wadatar.

Tashi na farko

A dunƙule kwaɓin, a shafa ɗan mai a cikin robar, a saka shi a juya domin man ya taɓa ko'ina, a rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyallen da aka matse. Rufewar tana da muhimmanci, domin idan iska ta busar da saman zai yi ɓawo, ɓawon kuma zai hana shi kumbura, daga baya ya bar gudaje masu tauri a cikin burodin. A ajiye shi inda babu iska mai kaɗawa kuma rana ba ta dukansa.

Ana jira ne har ya ninka girmansa, kuma babu wanda zai iya faɗin tsawon lokacin da tabbaci. A ɗaki mai ɗumin digiri 25 zuwa 27 yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A lokacin tsananin zafi yana iya ninkawa cikin minti 40, a lokacin sanyi kuma ya haura awa biyu. Saboda haka a yi alama a jikin robar daidai inda kwaɓin ya tsaya, ko a ɗauki hotonsa da waya, domin ido yakan manta girman farko. Idan ana shakka, a tsoma yatsa cikin fulawa a soka shi a kwaɓin zurfin gaɓa ɗaya. Ramin da ya cike nan take yana nuna da saura. Ramin da ya tsaya, ko ya ɗan dawo a hankali, yana nuna an kai. Idan kuwa kwaɓin ya sace ya faɗa da zarar an taɓa shi, kuma yana warin tsami mai ƙarfi, to ya wuce lokaci. Wannan ma bai zama asara ba, a danne shi a naɗe, a kuma rage tsawon tashi na biyu.

A lokacin sanyi ana iya ajiye robar cikin obin da ba a kunna ba, a sa kwanon ruwan zafi a gefenta a rufe ƙofa. A lokacin zafi kuwa a kwaɓa da ruwa mai sanyi-sanyi kuma a rage yis zuwa giram 5. Jinkirin tashi alheri ne ga ɗanɗano, domin a cikin wannan lokacin ne sitaci yake narkewa ya zama sukari, ƙamshi kuma yake taruwa. Burodin da aka cika wa yis domin ya tashi da sauri yakan fito da warin yis kuma ya bushe da wuri. Wanda yake da firij zai iya kwaɓawa da daddare da rabin yis, ya rufe sosai ya bar shi ya kwana a ciki awa 8 zuwa 12, da safe ya fito da shi ya ba shi kimanin awa ɗaya ya sake jiki kafin naɗi. A ganina wannan ne yake ba da burodi mafi daɗi, kuma ya fi dacewa da wanda yake fita aiki.

Naɗi da tashi na biyu

A juye kwaɓin a kan tebur, a danna shi da tafin hannu a hankali domin manyan kumfan iska su fita, a baje shi ya zama mai kusurwa huɗu, faɗinsa daidai da tsawon gwangwanin. A fara naɗewa daga gefen da yake nesa kamar ana naɗe tabarma, ana ɗan dannawa a kowane juyi domin kada a bar rami a ciki. Idan an kai ƙarshe a matse bakin da yatsu ya haɗe, a cusa gefuna biyun ƙasa. Abin da ake nema shi ne saman ya yi tsantsan kamar fatar ganga, domin wannan ne yake sa burodin ya tashi sama maimakon ya baje. Idan kwaɓin yana ja da baya ya ƙi miƙewa, a rufe shi a ba shi minti 5 zuwa 10, zai saki.

A shafe gwangwanin da mai har kusurwoyinsa, a saka kwaɓin bakin naɗin yana ƙasa, a rufe da ledar da aka shafa wa mai domin kada ta manne. Tashi na biyu ya fi na farko sauri, yawanci minti 40 zuwa 60, kuma an kai ne idan tsakiyar kwaɓin ya ɗara bakin gwangwani da kimanin santimita 2. A sake gwajin yatsa a gefe, amma a wannan karon dannawa kaɗan ba soki ba: alamar ta riƙa dawowa a hankali ta bar ɗan gurbi. Kuskure a wannan mataki yana bayyana ƙarara bayan gashi. Wanda aka gasa kafin ya kai yakan tsage a gefe, cikinsa ya cushe. Wanda ya wuce lokaci yakan faɗa a tsakiya, ko a tarar da babban rami a ƙarƙashin ɓawon sama. Idan dole a yi kuskure ɗaya, gara a ɗan gaza da a wuce, domin kwaɓin yana da sauran tashi a cikin wuta.

Gashi

A kunna obin tun ana saura minti 20 tashin ya kammala, a kai shi digiri 200. Saka burodi a obin da bai yi zafi ba yana hana shi bunƙasar da yake yi a mintuna 10 na farko, lokacin da iskar cikinsa take faɗaɗa, yis kuma yake aikinsa na ƙarshe kafin zafi ya kashe shi. A ajiye wani tsohon tire na ƙarfe a ƙasan obin ya yi zafi tare da shi, sannan a daidai lokacin saka burodin a zuba rabin kofin ruwan zafi a ciki a rufe ƙofa da sauri, ana kawar da fuska daga tururin. Tururin yana jinkirta bushewar saman, sai burodin ya sami damar kumbura sosai kafin ɓawo ya kama. Wanda yake son sama mai sheƙi zai iya shafa madara ko kaɗaɗɗen ƙwai da laushin hannu kafin a saka.

A ɗora gwangwanin a tsakiyar obin, kada a buɗe ƙofa a mintuna 15 na farko. Gashin yakan ɗauki minti 30 zuwa 35. Launin ruwan ƙasa da ƙamshin da suke fitowa a ɓawo sakamakon haɗuwar sukari da furotin ne a zafin da ya haura kimanin digiri 140, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan launi ɗanɗano ne, don haka kada a ciro burodin yana fari-fari saboda tsoron ƙonewa. Idan kuwa saman ya yi duhu da wuri alhali lokaci bai cika ba, a yafa masa takardar alminiyam a ci gaba. Kowane obin da halinsa, wani gefensa ɗaya ya fi zafi, saboda haka a juya gwangwanin bayan minti 20.

Domin tabbatar da ya gasu, a juye shi daga gwangwani da ƙyalle mai kauri a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Idan ya yi amo kamar akwai rami a ciki, ya yi. Idan amon ya toshe, a mayar da shi ba tare da gwangwani ba minti biyar. Mai ma'aunin zafin abinci ya soka shi a tsakiya, ya nemi digiri 90 zuwa 95.

Rashin obin ba ya hana wannan aiki. A sami babbar tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa, a shimfiɗa gishiri mai kaurin yatsa biyu a ciki ko a ɗora ƙaramin ƙarfen ɗora tukunya, a rufe a zafafa ta minti 15 a matsakaiciyar wuta. A raba kwaɓin gida biyu cikin ƙananan gwangwanaye, domin ƙaramin burodi ya fi gasuwa har ciki ta wannan hanya. A ɗora gwangwanin a kan gishirin ko ƙarfen yadda ba zai taɓa gindin tukunya ba, a rufe, a rage wuta, a bar shi minti 35 zuwa 45. Saman ba zai yi launi sosai ba tunda zafin daga ƙasa yake zuwa, don haka a mintuna biyar na ƙarshe a fito da shi a kife shi. Gishirin ana adana shi a sake amfani da shi a wani gashin.

Da zarar burodi ya fito, a cire shi daga gwangwani a ɗora a kan raga ko wani abu da iska take ratsawa ta ƙasa, domin idan ya huce a cikin gwangwani zai yi gumi gindinsa ya jiƙe. Idan ana son ɓawo mai laushi, a shafa ɗan bota a sama tun da zafinsa. Sannan a jira aƙalla awa ɗaya kafin a yanka. Na san ƙamshin yana sa jiran ya yi wuya, amma cikin burodin yana ci gaba da daidaituwa yayin da yake hucewa, kuma wanda aka yanka da zafi yakan dunƙule a jikin wuƙa ya yi kama da ɗanye ko da ya gasu sarai. A yanka da wuƙa mai haƙora, ana ja da turawa ba tare da dannawa ba.

Ƙarin laushi, sauyi da ajiya

Kada a yi mamaki idan burodin gida bai kai na kamfani laushi da daɗewa ba. A wasu ƙasashe, yawancin na kamfani ana yin sa ne da injuna masu tsananin gudu da ƙarin sinadarai, bisa tsarin da aka ƙirƙira a Chorleywood ta Ingila a 1961, kuma akan sa masa abin da yake hana fumfuna. Amma akwai dabara mai sauƙi da masu burodin gabashin Asiya suka shahara da ita, wadda take kusantar da na gida ga wannan laushi. A ɗebi giram 25 daga fulawar da mililita 125 daga ruwan, a dama a ƙaramar tukunya a kan wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar talge, abin da yake faruwa a wajen digiri 65. A bar shi ya huce sannan a zuba cikin haɗin tare da sauran ruwan. Sitacin da ya dahu yana riƙe ruwa fiye da ɗanye, saboda haka burodin yakan fi taushi kuma ya ƙara kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba. Musanya rabin ruwan da madara ma yana ƙara laushi, sai dai ɓawon zai yi launi da wuri, don haka a rage zafin obin zuwa digiri 190.

Wanda yake son saka garin alkama mai dusa ya fara da kashi ɗaya cikin uku na fulawar, ya ƙara ruwa kimanin mililita 25, domin dusa tana shan ruwa da yawa kuma tana yanka danƙon, shi ya sa irin wannan burodi ba ya tashi kamar fari. Da kwaɓin nan dai ana iya yin ƙananan dunƙule guda 10 zuwa 12, a jera su a tire da ɗan tazara, a gasa minti 15 zuwa 18.

Bayan ya huce gaba ɗaya, a saka burodin a leda ko mazubi mai murfi a ajiye a ɗaki, inda zai yi kwana biyu zuwa uku da kyaunsa. Kada a sa shi a firij. Taurin burodi yana zuwa ne daga sitacin da yake sake ƙanƙancewa bayan gashi, kuma sanyin firij yana hanzarta wannan sosai. Firiza kuwa tana tsayar da shi, don haka abin da ba za a ci cikin kwana uku ba a yanka shi, a ɗaure a leda a daskarar, zai kai wata uku, ana ciro yanka-yanka gwargwadon buƙata. Wanda ya fara tauri ana farfaɗo da shi ta hanyar yayyafa masa ruwa kaɗan a saka a obin mai digiri 180 na minti 8 zuwa 10, a kuma cinye shi a ranar. Idan kuwa aka ga fumfuna ko da a gefe ɗaya ne, a zubar da shi duka, domin burodi abu ne mai ramuka, kuma jijiyoyin fumfunar sukan riga su ratsa ciki nesa da inda ido yake gani.